TA KASUWA DA TA GIDA

Shafi na 11

Daga Nagode, Talata Mafara

Da sunan Allah mai jin ƙai nake farawa.

Na ga saƙonninku. Masu cewa na daɗe ban turo ba, ku yi mini uzuri. Da yatsa ɗaya nake rubutu, kuma wannan shafin sau uku ina farawa ina gogewa. Baiwar Allah da ta rubuto mini daga Gusau ta ce mahaifinta ma da kumburin ciki ya tafi, Allah ya jiƙansa. Ki karanta na yau har ƙarshe, saboda ke na daure.

Ga waɗanda yau suka shigo: maigidana Malam ya rasu da ciwon daji na hanta, bayan shekara talatin da ɗaya muna tare. Ni sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. A shafin baya na tsaya a ranar Lahadin da na fita takaba, lokacin da Taibatu ta shigo madafa ta same ni da ƙwarya biyu a gabana.

Taibatu taubashiyata ce, ɗiyar kawuna. Ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti a Bakura. A Kano ta yi karatu, har bakinta ya juya ya koma irin nasu. Tun muna yara ba ta kirana da sunana. Uwar Tunkuza take ce mini, ni kuma in ce mata 'Yar Allura. Kafin wannan lokaci, sau ɗaya tak ta taɓa ce mini Nagode, ranar da ta karanta takardar da likitocin Sakkwato suka ba Malam. A ranar na san ba zai tashi ba.

Ta jingina da ƙofa ta ce, "Uwar Tunkuza, yau ma babu hutu? Mata sun cika tsakar gida saboda ke, ke kina nan kina hira da gyaɗa."

Na ce, "Jibi Talata. In ban kai ƙuli kasuwa ba, allurarki za mu ci?"

Ta yi dariya ta tsuguna. Ta sa hannu a babbar ƙwarya ta yaba. Sai ta sa a ƙaramar.

"Wannan fa?"

"Ta gida."

"Ta gida kamar yaya?"

Bari in yi muku bayani, ko da yake duk mai sana'ar gyaɗa ta sani. In kika ɓare buhu, kashi biyu za ki samu. Akwai manyan ƙwaya masu jar riga, su ne na kasuwa. Akwai kuma waɗanda suka tsamure, da masu baƙi a ciki, da waɗanda funfuna ta yi wa kore-kore saboda ruwan ƙarshen damina ya taɓa su a gona, ko buhu ya sha sanyin ƙasa. Ni ban taɓa cutar mai saye ba. Mafara kaf an san ƙulin Nagode ba ya ɗaci. Amma kuma ban taɓa zubar da ƙwaya ba. Haka innata ta koya mini: mai kyau ta kasuwa, saura ta gida, wuta tana kashe komai. Sai in soya, in niƙa, in dama kunu, in daka yajin hoce, in kaɗa a miya.

Kuma Malam ya fi kowa ci. Kowace safiya kafin ya tafi gonar shinkafarsa a fadamar Bakalori, sai ya shanye babban kofinsa na silba. In ya ci karo da ɗan ɗaci sai ya lumshe ido ya ce, "Gode, wanga ɗacin shi ne sa hannunki. In na sha kunu babu shi, na san ba ke kinka dama ba."

Ni kuwa in ji daɗi har cikin raina.

Taibatu ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta tsaga da farce. Cikin ya yi toka-toka. Ta daɗe tana kallonta.

"Tun yaushe kike yin haka?"

"Tun ina amarya."

"Ni ban taɓa jin ɗaci a kununki ba."

"Ke baƙuwa ce. Baƙo ta kasuwa nike ba shi."

Ta zauna a ƙasa da fararen kayanta, a kan toka. Nan gabana ya faɗi, don Taibatu ko kujera sai ta kaɗe take zama.

Ta ce, "Funfunar nan tana da dafi. Suya ba ta kashe shi, tafasa ba ta kashe shi. Kuma hanta yake nufa, don duk abin da mutum ya ci, hanta ce mai tacewa."

"Ke dai da ban tsoro. Kakanninmu sun ci."

"Sun ci. Nawa ne suka tafi da kumburin ciki aka ce sammu ne?"

Na ture ƙwaryar gefe na ce, "Yi mini bayani yadda zan gane. Kar ki yi mini irin maganarku ta asibiti."

Ta nuna mini katangar madafa, wadda Malam yake yi wa sabon yaɓe duk bayan damina.

"Kin ga ginin nan? Haka jikin mutum yake, tubali kan tubali, ƙanana waɗanda ido ba ya gani. In ɗaya ya lalace, na kusa da shi ya haifi wani irinsa ya maye gurbin."

"Tubali bai haihuwa."

"Na jiki yana yi. Ke da kika tsaya aji huɗu za ki gyara mini karatu? Saurara. Kullum ana wannan gyaran ba mu sani ba. To in ruwa yana dukan wuri guda, bana a gyara, baɗi a gyara, shekara goma, shekara ashirin, wata rana sai a samu tubali ɗaya ya fito a karkace. Shi kuma karkataccen nan ba ya jin 'ya isa'. Ya haifi irinsa, su ma su haifi irinsu, har su danne masu kyau su cinye musu wuri. Shi ne daji. Ba a rana ɗaya yake zuwa ba."

Na kalli katangar. Shatin yatsun Malam na yaɓen bara yana nan a jiki.

Na ce, "Taibatu, ni na kashe shi ke nan?"

"Ajalinsa ne ya zo."

"Ba wa'azi na tambaye ki ba."

Ta riƙo hannuna. "To ji gaskiya. Ko babban likita ba zai nuna abu guda ya ce shi ne ba. Akwai wanda zai ci ya mutu da tsufa. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, ta taimaka wa ciwon. Sai dai ba ita kaɗai ba ce. A Sakkwato an ga ƙwayar cutar hanta a jininsa, kuma ta daɗe, wataƙila tun yana yaro. Ita tana ci ta ciki, funfuna tana zuwa ta baki. In suka haɗu a hanta ɗaya, ɓarnarsu ta ninka ta kowace ita kaɗai nesa ba kusa ba. Na faɗa miki wannan a can, ba ki ji ba, lokacin ba kya jin komai. Da an san da ƙwayar da wuri, akwai maganin da yake danne ta, kuma ana duba hantar duk wata shida."

"Na ji ku tun ɗazu."

Muka juya. Yaya Raliya ce a bakin ƙofa da carbinta.

Yayar Malam ce, ita ta raine shi, a Maradun take aure. Harshenta ya fi barkono, amma ita ta yi mini wankan jego biyar, kuma ita ta ɗauki ɗana na fari ranar da aka yaye shi ta riƙe har ta yi masa aure. Tsoronta nake ji, kuma ba ni da kamarta.

Ta ce, "Ke mai Hausar Kano, ƙanena ko wata biyar bai cika cikin ƙasa ba, kin zo kina ɗora ma abinci laihi? Hannu anka sa mishi. Kamar yadda anka sa ma Labaran."

Labaran ƙanensu ne. Shi ma da kumburin ciki ya rasu, bai kai arba'in ba.

Taibatu ta ce, "Yaya, hannun wa?"

"Ni na sani? Duniya ba ta rasa maƙiyi."

"Malam da ko kaza ba ya kora da ƙarfi?"

"Ke ki kiyaye ni. Na yi miki goyo kina zawo, yau ke za ki koya mini ciwo?"

Ban san lokacin da na kai gwiwa ƙasa ba. Na jawo ƙaramar ƙwaryar na ajiye a gabanta.

Na ce, "Yaya, ki yahe mini. Amana kinka ba ni. Shekara talatin da ɗaya ina ciyar da shi abin da ban iya saida ma baƙo."

Na rufe ido ina jiran abin da zai fito daga bakinta. Sai na ji ta kifa turmi ta zauna a kai, da nishi irin na mai ciwon gwiwa.

"Tashi, Nagode."

Ban tashi ba.

"Na ce ki tashi. Ba ke ya kamata ki durƙusa ba."

Ta sa hannu cikin hijabinta ta ciro wata laya daga wuya. Na san layar. Tun da daɗewa nake ganinta a wuyan Yaya, fatar ta yi baƙi saboda gumi. Na ɗauka ta ciwon gwiwa ce.

Ta miƙa wa Taibatu. "Kina da reza?"

Taibatu ta ciro sabuwa a jakarta ta farke ɗinkin. Babu rubutun malamai a ciki. Takarda ce ta asibiti, an ninke ta ƙanƙane, ta yi ruwan ƙasa. Ta buɗe a hankali don kada ta yage. Ta karanta, ta koma sama ta sake karantawa.

"Yaya, wannan shekararta goma sha tara."

Yaya Raliya ba ta kalle ta ba, ni ta kalla. "Kin tuna haihuwar Zuhura?"

Zuhura autata ce. Wa zai manta? Jini ya ɓalle mini, aka kai ni asibiti ba na gane kowa, aka ce sai an ƙara mini.

Na ce, "Malam ya ce jininshi bai dace da nawa ba. Maƙwabcinmu Auwalu ya bayar."

"Ba rashin dacewa ba ne. Gwadawa anka yi, anka ce akwai cuta ciki, shi dawo a duba shi da kyau. Wanshekare yaz zo Maradun, yab ba ni wagga takarda. Yac ce, Yaya, ki aje, kar Gode ta ji. Yanzu tad dawo daga bakin kabari, in ta ji hankalinta zai tashi, ga jaririya. Yac ce in an gama yankan shinkahwa zai koma asibiti."

Taibatu ta ce, "Ya koma?"

"Shinkahwa goma sha tara anka yanka."

Daga tsakar gida muna jin mata suna dariya a kan wani abu.

Yaya ta ci gaba, muryarta ta yi ƙasa, ban taɓa jinta haka ba. "Ni ban iya boko ba. Na ga takarda ta zo da mugun labari, sai na kai ma baduku ya ruhe ta. Na rataya ga wuyana. Na ce in sharri ne, shi tsaya kaina, shi bar mini ƙanena. Na yi ta aiko mishi da jiƙo. Da na ga shekara biyar shina noma, shekara goma shina noma, na ce layata ta yi aiki."

Ta buɗe tafin hannunta, ga fatar babu komai a ciki.

"Da yaf fara kumburi na sani. Ina cewa sammu, sammu, don in na daina cewa sammu, sai in ce Raliya."

Na matsa na sa kaina a cinyarta. Ta dafa ni. Muka yi kuka irin wanda ba mu samu yi ba ranar rasuwa saboda jama'a. Tana kuka tana zagin Malam da sunansa na yanka.

"Audu sarkin sai gobe. Tun shina yaro, in an aike shi ɗiban ruwa sai shi tsaya kallon tsuntsaye. Kin ga inda sai gobe ta kai mu."

Na ce, "Tausayina ya ji."

"Tausayin banza. Da shina nan da na ja mishi kunne."

Taibatu ta bari muka yi mai isarmu, sannan ta share nata idon da gefen mayafi ta ce, "To, ku tsofaffin nan, ya isa. Wanda ya tafi ya tafi, akwai masu rai. Ƙwayar nan ta jini take bi. Uwa tana ba ɗa wajen haihuwa. Miji da mata suna ba juna. Aska ɗaya in ta zaga kawuna tana ɗauka daga wannan ta kai wa wancan."

Yaya ta ɗago kai. "Audu da Labaran rana guda anka yi musu kaciya. Su goma sha biyu, aska guda."

"Ba zan rantse a nan suka samu ba, amma hanya ce."

Sai Yaya ta dafe ƙirji. "Muntari. Duk Juma'ar da yaz zo garin ga, tare suka zuwa aski da ubanshi. Wanzami guda, shi gama da uba shi koma kan ɗa."

Kamar jira yake a ambace shi, sai muka ji sallamar ɗana na fari daga rumfa.

A nan sai na tsaya na gaya wa yaran yanzu wani abu, don na san wasu za su ce wace irin uwa ce wannan. Mu a tashinmu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba ta hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Kunya ce. Shekararsa ashirin da tara, yana gyaran injin ban ruwa a Maradun, matarsa Zainab tana da cikin wata takwas, amma ni ban taɓa kiransa da komai ba sai yaron Yaya. In ina son ya ci abu, sai in ajiye inda zai gani in bar wurin.

Haka na yi a ranar. Kunun baƙi na dama shi da ta kasuwa. Amma da safe na dama wani daban da ta gida, na zuba a kofin Malam na silba, na rufe da faifai na ajiye a rumfa. Na san yaron Yaya yana son irin na ubansa.

Na manta da kunun sam, sai da na ji muryarsa.

"Gwaggo, kina ciki? Wanga kofin Baba ne. Nawa ne ke nan."

Na miƙe na fito. Yana tsugune, ya ɗage faifan, ya yi bisimilla, kofin ya kusa bakinsa.

"Muntari. Aje shi."

Matan da suke hira suka juyo gaba ɗaya. Shi kuwa ya tsaya da kofi a sama, ya waiga bayansa kamar akwai wani mai sunan.

Yaya Raliya ta fito tana ɗingishi ta riƙe haɓa. "Yau na ga abin da ban taɓa gani ba. Nagode ta kira ɗan hwari gaban jama'a."

Ya ce, "Inna, ni?"

"Kai. Aje."

Na karɓi kofin daga hannunsa na juye a makwarara. Na ga idonsa ya bi kunun. Ya ɗauka wani laifi ya yi.

Muka ja shi madafa. Taibatu ta nuna masa ƙwayar da ta tsaga, ta nuna masa takardar, ta gaya masa abin da ta gaya mini a taƙaice. Ta ce gobe ya zo Bakura a ɗiga jininsa a gwada.

Ya girgiza kai. "Ni lahiyata lau. Jiya ni kaɗai na ɗora injin ban ruwa kan amalanke."

Yaya ta ce, "Ubanka ma buhu shika ɗauka, takarda na rataye ga wuyana."

"To in an gwada an gani hwa? Mutum shi zauna shina jiran ranar mutuwa? Gara ban sani ba."

Taibatu ta ce, "In babu, allura uku ce ta rigakafi, ka huta har abada. In akwai, a sa maka ido, in ta kama a ba ka magani, ka tsufa ka ishi mutane da surutu kamar gwaggonka. Zainab ma a gwada ta. Kuma abin da za ta haifa, a yi masa allurar farko a ranar da ya faɗo, kada a ce sai bayan suna."

Yaya ta ce, "Na ji wannan ta surutu. Zan rama."

Bai yi dariya ba. Ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin babur. "Bari a gama aikin rani tukuna. Injuna sun taru mini. In an gama zan zo."

Na ji kamar Malam ne ya yi magana daga ƙasa.

Na zo gabansa na tsuguna. Tunda aka yaye shi ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. Ashe idon ubansa ne sak.

Na ce, "Na ba da kai kana shekara biyu, ban yi kuka gaban kowa ba. Ka yi ƙyanda a Maradun, ban zo ba, kunya ta hana ni, na kwana bakwai ban ci tuwo ba. Tunda na haihe ka ban taɓa roƙonka komi ba. Yau ina roƙon yatsa guda. Na ga an ɗauki ubanka an hita da shi ta ƙofar can. Ba ni iya ganin na biyu."

Sai ya goge fuska da hular hannunsa, ya yi 'yar dariya.

"Ashe kin san sunan, Inna."

"Kullum ina hwaɗinshi. Sai dai goshina na ƙasa."

Ya ce, "Ƙarhe nawa za mu tashi?"

Kafin la'asar na ɗauki ƙaramar ƙwaryar zan watsa wa awaki. Taibatu ta tare ni.

"Uwar Tunkuza, ba kya jin magana. In akuya ta ci, yana fita a nono. Rami za a tona."

Muntari ya tona bayan madafa. Na zuba da hannuna, har da sauran rabin buhun da na tara. Wallahi ban taɓa binne abinci ba sai ranar. Yanzu kuwa na saba. Ina shanya gyaɗa a kan leda ba a ƙasa ba, har sai ta yi ƙaras a haƙori. Buhu a kan katako yake kwana. Masara ma haka. Ƙwarya biyu har yau nake ajiyewa in zan tsince, amma ta biyun ta rami ce. 'Yan'uwana masu sana'a, abin da kika ji kunyar sayar wa baƙo, kada ki ba wanda kike so.

Ranar Litinin da hantsi, bayan hanya ta cika da mutane, muka shiga mota zuwa Bakura mu uku.

Da muka isa asibiti, Yaya Raliya ta ture kowa ta fara miƙa yatsa. "A hankali, ɗiyar nan. Jinin Maradun ne, ba a zubar da shi banza."

Taibatu ta ce, "Ɗigo ɗaya ne, Yaya, ko sauro ya fi ni ci."

Da aka zo kan Muntari sai ya kau da kai ya rufe ido. Mutumin da yake ɗaga inji shi kaɗai.

Taibatu ta ce, "Zan gaya wa Zainab."

"Don Allah Inna Taibatu, ki ruha mini asiri."

Na tashi zan fita sai ta riƙo mayafina. "Ina za ki?"

"Ni rakiya na zo."

"Zauna. Ke ma ina son in gani ko jini ne a jikinki ko man gyaɗa."

Na miƙa mata don kawai a zauna lafiya. Ta ce mu jira a waje kamar minti ashirin.

Muka zauna a benci ƙarƙashin dalbejiya. Yaya tana jan carbi. Muntari ya sayo lemo ya ɓare, ya miƙo mini da hannunsa, ba ajiyewa ya yi inda zan gani ba. Ya zauna kusa da ni har kafaɗarmu tana haɗuwa.

Ya ce, "Inna, da gaske Baba na son ɗacin nan, ko don ke shika cewa?"

Na ce, "Ban sani ba. Ban taɓa tambayarshi ba."

"Ni dai ban taɓa sonshi ba. Don ke kinka dama nika sha."

Yaya ta ce, "Duk gidan maƙaryata ne," tana share ido.

Ni ba na jin ɗanɗanon lemon. Addu'a ɗaya nake maimaitawa: Allah ka bar mini shi.

Ƙofa ta buɗe. Taibatu ta fito da takarda uku a hannu.

Ta tsaya gaban Yaya ta miƙa mata ɗaya. "Yaya, babu komai. Wannan kada a kai wa baduku."

Ta tsaya gaban Muntari.

"Kai ma babu. Naɗe hannun riga, yau za ka sha allurar farko, kuma ba rufe ido."

Na zame daga benci na kai goshina ƙasa a nan cikin mutane. Ban san iya daɗewar da na yi ba. Na ɗago ina dariya, hawaye yana shiga mini baki.

Na ce, "'Yar Allura, yau kin yi rana. Miƙo tawa mu tahi, gobe kasuwa."

Ba ta miƙo ba.

Ta tsuguna a gabana, a kan ƙasa, da fararen kayanta. Ta riƙe hannuwana biyu.

"Nagode," ta ce. "Zuhura da sauran yayyenta uku, suna ina yanzu?"